Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga 'yan'uwa masu binciken zubin ƙananan ƙwayoyi a jami'o'in Saudiyya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga malamanmu, da abokan aikinmu, da ƙannenmu ɗalibai masu neman digiri na biyu da na uku, Hausawa da masu jin Hausa, da ke ɗakunan gwaji a Thuwal da Zahran da Riyad da Jidda. Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya da iyalinsa, muna rubuto muku ne a kan takardun neman bara'a, wato takardar mallakar ƙirƙira, da ake shigarwa a kan hanyoyin zuba ƙananan ƙwayoyi a mazubi, ko na ɗaukar magani ne, ko na rigakafi, ko na masana'antu. Amsar da ta fi yawan kashe irin waɗannan takardu ba ita ce "wani ya riga ka" ba. Mai tantancewa yakan yarda cewa babu wanda ya yi daidai abin da kuka yi, sannan ya ce amma a bayyane yake ga duk wanda ya san sana'ar. Wannan gardamar a kan teburin gwaji ake cin ta ko a faɗi, watanni kafin lauya ya rubuta da'awa ta farko, wato jimlar da ke fayyace abin da ake neman kariya a kansa, domin lauya ba zai iya sa wa takarda awon da ba ku auna ba.

Dokar da ke aiki a nan ita ce ta 2004, wadda ta haɗa bara'a da zanen da'irorin lantarki da nau'o'in tsirrai da zanen masana'antu. A da Birnin Sarki Abdul'aziz na Kimiyya da Fasaha ne ke karɓar takardu, yanzu kuwa Hukumar Mallakar Fasaha ta Saudiyya ce, wadda aka fi sani da SAIP, a Riyad. Sharuɗɗa uku dokar ta gindaya: abu ya zama sabo, ya ƙunshi matakin ƙirƙira, ya kuma yiwu a yi amfani da shi a masana'anta. Na tsakiyar shi ne maganarmu. Ana auna shi ne da wani mutum na ƙaddarawa, matsakaicin gwani a fannin, wanda ya karanta duk abin da aka taɓa bugawa a ko'ina a duniya kafin ranar da kuka shigar da takarda, ya iya aikin hannu na yau da kullum, amma ba ya ƙago komai da kansa. Idan wannan mutum zai kai inda kuka kai ta bin abin da ya karanta, kun rasa. Waɗanda suka zo daga Najeriya su lura da kyau: dokar can ta 1970 ba ta sa a binciki ƙunshiyar ƙirƙira kafin a ba da takarda, cikar fom da kuɗi ake dubawa. A nan ana tantance ƙunshiya, kuma tun 2023 aka naɗa SAIP cikin hukumomin da ke binciken ƙasa da ƙasa ƙarƙashin yarjejeniyar PCT ta shigar da takardar bara'a ɗaya don ƙasashe da yawa, wadda Saudiyya ta shiga a 2013.

To, me wannan matsakaicin gwani ya riga ya sani? Ya san cewa a 1995 Stephen Chou ya danna mazubi mai tauri a kan folima mai zafi, wato abu dangin roba da leda, ya fitar da siffofi na nanomita 25 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Ya san aikin ɗakin gwajin George Whitesides a Harvard da robar silikon ta PDMS. Ya san hanyar Jami'ar Texas ta 1999, wadda ake daskarar da ruwan folima da hasken UV yana cikin mazubi. Ya san PRINT, hanyar zuba ƙwayoyi a mazubin da ruwa ba ya jiƙa shi, wadda ɗakin gwajin Joseph DeSimone a Jami'ar North Carolina ya buga a 2005, da hanyar Patrick Doyle ta MIT ta 2006 da ke sassaƙa ƙwayoyi da haske cikin ruwa mai gudu, da mazubin jelatin mai narkewa na Kinam Park a Purdue, da ƙwayoyi masu murfi da ɗakin gwajin Robert Langer ya buga a 2017. Wasu takardun farko na wannan fanni wa'adinsu na shekara 20 ya cika, wasu ma ba a taɓa shigar da su a Saudiyya ba. Wannan na iya ba ku damar amfani da hanyar, amma bai cire ta daga ilimin da ya gabata ba ko kaɗan.

Saboda haka da'awa iri biyu suna mutuwa tun kafin a buɗe baki. Ta farko ita ce "hanyar nan ce, amma tamu ta fi ƙanƙanta." Ta biyu ita ce "hanyar nan ce, amma mun sauya folima," ko zafi, ko nauyin dannawa. A Amurka, inda shari'o'in irin wannan suka fi yawa, tun 1955 kotu ta yanke a shari'ar Rose cewa sauya girma kaɗai ba ƙirƙira ba ne, a shari'ar Aller kuma ta ce lalubo zafi ko yawan sinadari da ya fi dacewa ta gwajin yau da kullum shi ma ba ƙirƙira ba ne. A 2007 Kotun Ƙoli ta ƙara ɗaure abin a shari'ar KSR da Teleflex, wadda a kan totur ɗin mota aka yi ta: idan akwai matsala sananniya, hanyoyin warware ta kuma ƙididdigaggu ne da ake iya hasashen sakamakonsu, wanda ya gwada su ya dace bai ƙirƙiri komai ba. Waɗannan hukunce-hukunce ba su ɗaure hukumar Riyad ba, amma tunanin iri ɗaya ne, kuma yawancinku Amurka da Turai kuke hange bayan nan.

Ba a nan maganar ta tsaya ba, domin akwai inda ƙanƙanta ke sauya ɗabi'ar abu da gaske, kuma misalin da ya fi kowane koyarwa shi ne fatar rara. Duk wanda ya ga ana toya waina ya san abin da ke faruwa idan ƙullu ya yi ambaliya a tanda: ya malale tsakanin gurabe, wainar ta fito a haɗe. Haka zubin nano yake. Idan aka danna ruwan folima da mazubi, wata siririyar fata takan saura tsakanin gurabe, ta haɗe ƙwayoyin su zama shimfiɗa guda mai ƙuraje. Ga masu ƙera guntun lantarki wannan ba damuwa ba ce, sai su cinye fatar da filasmar oksijin, wato iskar oksijin da aka yi wa cajin lantarki, su wuce. Ga mai magani kuwa bala'i ce, don filasmar da ta ci fata za ta taɓa furotin ko maganin da ke cikin ƙwayar, ta kuma rage wa ƙwayar tsayi da kaifin gefe.

Ku ɗauki alƙalami ku lissafa. Ƙwaya mai siffar gwangwani, faɗi nanomita 200, tsayi 200, a jere da tazarar nanomita 400 daga tsakiya zuwa tsakiya. Kowace santimita murabba'i tana ɗauke da gurabe miliyan 625. Idan nauyin folimar giram 1.3 ne a kowace santimita mai kubu, abin da za ku girba kimanin maikrogiram 5 ne kacal a santimita murabba'i, wato kimanin miligiram 50 a mita murabba'i. Giram ɗaya tak yana buƙatar mazubi na kusan mita murabba'i 20. Yanzu ku ƙaddara fatar rara mai kaurin nanomita 20 kacal ta saura. Kusan kashi ɗaya cikin uku na duk kayan da kuka zuba yana cikin fatar, ba cikin ƙwayoyin ba. A ƙwaya mai maikromita 10, wato nanomita 10,000, wannan fata ba za ta kai a ambace ta ba. Irin wannan lissafi ne ke nuna wa mai tantancewa cewa matsalar ba ta nan a babban zubi, a ƙarami ta bayyana.

Abin da PRINT ta yi shi ne sauya kayan mazubin zuwa robar PFPE mai fulorin. Ƙarfin fuskar PDMS ya ɗan haura 20 mN/m, na PFPE kuwa an ruwaito kimanin 12 a aikin farko, kuma ƙarancin wannan ƙarfi shi ke sa ruwa ya ƙi zama a kan fuska. Matakan aikin su ne waɗannan. A sassaƙa uwar mazubi a faifan silikon da haske ko da ƙibiyar ilektron. A zuba ruwan PFPE mai ɗauke da sinadarin tayar da daskarewa, a kore iska da naitrojin, a haska da UV mai tsawon nanomita 365, a ɓare robar. A gefe guda a shafa ruwan ƙwaya siriri a kan leda ta PET, wadda fuskarta ke da ƙarfin riƙo. A haɗa ledar da mazubi a tura su tsakanin rola biyu. Ƙarfin tsotso ya ja ruwan cikin gurabe, rarar da ke tsakanin gurabe kuma ta ƙi zama a kan PFPE, ta bi ledar yayin da ake raba su. A daskarar da abin da ke cikin gurabe da haske, ko sanyi, ko busarwa. Sannan a manna wata leda mai shafen gam da ruwa ke narkarwa, kamar PVOH ko PVP, a ɓare, ƙwayoyin su biyo gam ɗin, a narkar da shi a tace. Babu mataki ɗaya a cikin waɗannan da ba a san irinsa ba a lokacin. Abin da ba a yi tsammani ba shi ne a sami ƙwayoyi rarrabe kai tsaye, ba tare da cin fata ba. Idan kuna son sanin ko aikinku zai tsaya, ku tambayi kanku wace matsala ce irin wannan kuka kawar, kuma ina shaidar cewa tsohuwar hanya ta gaza a kanta.

Wuraren gazawar sanannu ne, kuma kowane ɗaya kofa ce. PDMS tana kumbura a ruwan narkarwa: a toluwin tsayinta na ƙaruwa da kimanin kashi 30 cikin ɗari, a kulorofom kusan kashi 40, alhali kulorofom da dikulorometan su ne aka saba narkar da PLGA, folimar ɗaukar magani mai narkewa a jiki, da su. Gurbin da ya kumbura ba zai ba ku girman da kuka sassaƙa ba. Tana kuma shan ƙananan magunguna masu ƙin ruwa, sai ku zuba kashi 20 ku tarar da ƙasa da haka a ƙwaya, ku ɗora laifin a kan na'urar awo. Laushinta ma matsala ce. PDMS samfurin Sylgard 184 da aka haɗa goma da ɗaya taurinta kimanin megafaskal 2 ne kawai, shi ya sa bangon da ke tsakanin gurabe masu zurfi yake kwanciya ya manne da maƙwabcinsa, kuma shi ya sa masu bincike na IBM a Zurich suka fito da PDMS mai tauri a 2000. Oksijin yana ratsa ta cikin sauƙi, yana kuma hana akirilet daskarewa, sai fuskar ƙwaya ta fito da danƙo. Doyle wannan aibin ya mai da riba, ya bar ruwan da bai daskare ba a jikin bango ya zama man da ƙwayoyi ke sulɓewa a kai. Wanda ya ɗauki abin da littattafai suka kira aibi ya gina hanya a kansa yana da hujja mai ƙarfi, domin ilimin da ya gabata nesanta gwani yake yi daga wurin.

Cika gurbi shi kansa yana da lissafi. Ƙarfin tsotso daidai yake da ninki biyu na ƙarfin fuskar ruwan, sau cos θ na kusurwar jiƙa, a raba da rabin faɗin gurbi. Ga ruwan sha mai 72 mN/m, a gurbi mai rabin faɗi na nanomita 100, iyakar abin da za a samu ya kai kimanin megafaskal 1.4, wato ninki 14 na nauyin iskar sarari. A gurbi mai rabin faɗi na maikromita 10 ya sauko zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na wannan. Idan kusurwar ta haura digiri 90, kamar ruwa a kan PDMS da ba a taɓa ba, ƙarfin nan juyawa yake yi ya tunkuɗe ruwan waje, kuma ƙanƙantar gurbi ƙara masa ƙarfi take yi. Shi ya sa hanyar da ke cika gurbin allurar fata ta maikro da injin juyawa ko injin zuƙe iska ba lalle ta cika gurbin nano ba. Wanke PDMS da filasma yana sa ta jiƙu, amma cikin sa'o'i take komawa halinta. Idan kuma ruwan ƙwayar kashi 10 ne kawai daskararre, to bayan bushewa abin da zai saura a gurbi ɗan ƙoƙo ne mai lotsattsen kai. Maganin wannan shi ne a busar da shafen a kan leda tukuna, sannan a narkar da shi cikin gurabe da rola mai zafi. Wannan yana yi wa PLGA, amma furotin da yawa ba za su jure zafin ba. Wanda ya samo hanyar cika gurbi taf da furotin ba tare da ya lalata shi ba, ya kuma nuna aikin furotin ɗin kafin zubi da bayan zubi, yana da abin faɗa.

Ga wata kofa da muke ganin ta fi sauran faɗi a yanzu. PFPE tana cikin dangin sinadaran PFAS masu fulorin da ba sa ruɓewa a muhalli, waɗanda ƙasashe biyar na Turai, Jamus da Holan da Denmak da Norway da Swidin, suka gabatar da buƙatar taƙaita su a 2023. Mai tantancewa zai ce ai kowa yana da dalilin neman mazubi marar fulorin, kuma gaskiyarsa. Amma samun dalilin nema daban, tsammanin dacewa daban. Idan kun gwada kaya takwas, bakwai suka bar fata ko suka riƙe ƙwaya, ɗaya ya saki, kada ku ɓoye bakwai ɗin nan. Su ne shaidarku cewa ba a iya hasashen sakamakon. Al'adar mujallu ta koya mana nuna abin da ya yi kyau kawai, takardar bara'a kuwa gwajin da ya lalace tamkar zinariya ne a cikinta.

Gwajin kwatanci yana da ƙa'ida. Da hanyar da ta fi kusa da taku a cikin abin da aka buga za ku kwatanta, ba da wadda ta fi sauƙin kayarwa ba. Wanda ya kwatanta zubinsa da ƙwayoyin da aka yi ta kaɗa mai da ruwa, ya nuna nasa sun fi daidaiton girma, bai tabbatar da komai ba, don duk wani zubi ya fi kaɗawa daidaito, kuma kowa ya sani. Ku maimaita tsohuwar hanyar zubi yadda mai ita ya rubuta, da uwar mazubi ɗaya, da folima daga kwalba ɗaya, ku sauya abu ɗaya tak, wanda shi ne kuke da'awa a kansa. Idan kuna neman kariya a kan zafi daga digiri 70 zuwa 90, ku auna a 60 da 70 da 80 da 90 da 100, a ga inda abin ya karye a gefe biyu. Sakamakon da ke hawa a hankali tare da zafi daidaitawa ce ta yau da kullum. Wanda ya yi tsalle a wani wuri shi ne ake kira iyaka mai muhimmanci. Kuma da'awar kada ta fi awon faɗi: wanda ya gwada PLGA kaɗai ya nemi "duk wata folima mai narkewa a jiki" ya ba abokin gardama sanda.

A kan awo, muna roƙonku ku daina dogara da na'urar DLS, mai auna girman ƙwaya ta hasken da take watsawa, ita kaɗai. Tana ɗaukar kowace ƙwaya a matsayin dunƙulalliya, ta ba ku faɗi guda, saboda haka sanda mai nanomita 80 da 320 ba za ta fito a matsayin sanda ba. Hasken da ƙananan ƙwayoyi ke watsawa kuma yana hawa ne da faɗi sau kansa har shida, don haka 'yan dunƙule kaɗan sun isa su rufe sauran. Siffa da hoton SEM, na'urar hangen ƙananan abubuwa da ilektron, ake tabbatar da ita, da ma'auni a jikin hoton, da adadin ƙwayoyin da aka ƙirga, da yankan gefe na mazubi cike wanda ke nuna akwai fata ko babu. Kalmomi irin su "kusan girma ɗaya" ba sa tsayawa a gaban alƙali sai an faɗi adadi da na'urar da aka auna da ita. Ku kuma tuna ƙasar da muke. PLGA tana fara laushi ne tsakanin digiri 40 da 55, gwargwadon haɗinta, danshi da ragowar ruwan narkarwa kuma suna ƙara saukar da wannan. Zafin Riyad a watan Yuli yana haura 40 a inuwa, balle cikin mota ko akwatin masu kai saƙo. Samfurin da ya bar Thuwal da kaifin gefe yana iya isa wani ɗakin awo a dunƙule. Ku ɗauki hoto ranar girbi, ku aika samfuri cikin sanyi da na'urar rubuta zafi a ciki.

Da yawa suna jingina da siffa, su ce ƙwayarmu doguwa ce, ƙwayoyin jiki sun fi haɗiye ta. A 2006 Champion da Mitragotri sun nuna cewa siffar ƙwaya a inda ta taɓa ƙwayar garkuwar jiki ita ke yanke ko za a haɗiye ta. A 2008 ɗakin gwajin DeSimone ya nuna sanda mai nanomita 150 da 450 tana shiga ƙwayoyin HeLa, ƙwayoyin jikin mutum da ake reno a ɗakin gwaji, da sauri kimanin ninki huɗu a kan gwangwani mai 200 da 200. Waɗannan sakamako a lokacinsu abin mamaki ne. Yau su ne makamin mai tantancewa, don sun ba gwani dalilin gwada doguwar ƙwaya da tsammanin dacewa. Haka maganar huhu: an daɗe da sanin cewa ƙwayar da faɗinta a iska yake tsakanin maikromita 1 da 5 ita ke isa can ciki. Abin mamaki yana tsufa, kuma da ranar shigar da takardarku ake auna shi.

Shari'ar da ta fi shahara a kusa da wannan fanni ita ce ta United Therapeutics da Liquidia, kamfanin da aka kafa a 2004 don cin gajiyar PRINT. Liquidia ta zuba maganin treprostinil ya zama garin shaƙa na hawan jinin huhu, mai suna Yutrepia, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Mayun 2025. A lura, bara'ar da aka fi fafatawa a kanta, mai lamba 10,716,793, ba ta zubi ba ce, ta United Therapeutics ce a kan hanyar ba da maganin ta shaƙa. A Yulin 2022 hukumar sauraron ƙararrakin bara'a ta Amurka ta ce da'awowinta a bayyane suke, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Disambar 2023, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi karɓar ƙarar a 2024. Abin da ya kayar da ita wata tsohuwar bara'a ce haɗe da taƙaitattun bayanan taro guda biyu na 2004, kuma an yi doguwar gardama a kan ko jama'a sun iya samun bayanan nan a lokacin. Sakin layi biyu a littafin taron likitocin zuciya suka yi wannan aiki bayan shekara kusan ashirin. Irin wannan da'awa ta hanyar jinya ma dokar Saudiyya ba ta ba da bara'a a kanta, haka Turai, saboda haka ku a nan hanyar ƙerawa da ƙwayar kanta da haɗin maganin ne abin nemanku.

Darasin ga ɗalibi a fili yake. Fosta a ranar bincike ta jami'a, taƙaitaccen bayani na taro, kundin digiri da aka ɗora a rumbun laburare, hoton SEM a LinkedIn da bayanin yadda aka yi, duk suna iya zama ilimin da ya gabata a kanku. Amurka tana ɗaga wa mai ƙirƙira ƙafa na shekara ɗaya a kan abin da ya bayyana da kansa, Turai ba ta yi. Kuma ko bayanin bai fallasa komai da komai ba, ya isa a haɗa shi da wata takarda a ce sauran a bayyane yake. Ku je ofishin kula da fasaha na jami'arku kafin ku aika komai, ku kuma karanta abin da kuka sa wa hannu a kan mallakar sakamakon bincike, don galibi na jami'a ne ko na mai ɗaukar nauyi. Bayan shigar da takardar farko kuna da wata 12 na shigarwa a wasu ƙasashe ƙarƙashin yarjejeniyar Paris, ta hanyar PCT kuma wata 30 kafin shiga yawancin ƙasashe ɗaya bayan ɗaya. Takardar da aka shigar da gaggawa ba awo a ciki, don kawai a riga taro, ranar da ta kama ba ta da amfani sosai. A ofishin bara'a na Turai hukunci mai lamba G 2/21 na 2023 ya yarda a kawo awo daga baya, amma sai idan amfanin da ake son tabbatarwa yana cikin abin da takardar farko ta koyar. Amfanin da ba ku ambata ba tun farko, da wuya ku shigo da shi ta taga.

Idan rahoton ƙi ya zo, kada ku karaya, kuma kada ku amsa da yabon aikinku. Masu tantancewa su ma suna da tarkon da suke faɗawa: sun riga sun ga amsa a takardarku, sai su koma baya su tsinto guntu daga takardar masu lantarki, guntu daga ta masu magani, su haɗa. Ku bi takardun da aka kawo ɗaya bayan ɗaya. Shin ta farko tana buƙatar filasma ko zafin da zai kashe abin da ta biyu ke ɗauke da shi? Shin ɗaya ta faɗa ƙarara cewa kayan da kuka yi amfani da shi bai dace ba? Ofishin Turai yana bambanta tsakanin gwani zai iya yin abu da gwani zai yi shi, kuma wannan tambaya tana aiki a ko'ina. Abin da zai cece ku a wannan mataki shi ne da'awowi na ƙasa da kuka jera tun farko, kowace ta fi ta samanta ƙunci: kusurwar jiƙa tsakanin kaza da kaza, saurin rola, kaurin shafe, kaurin fatar rara ƙasa da kaza bisa awon kaza. Idan babbar ta faɗi, sai a ja da baya zuwa wadda awo ya tsaya mata.

Abu na ƙarshe shi ne ku yi tunanin ranar ƙara. Tun dokar kotunan kasuwanci ta 2020, rigingimun mallakar fasaha a nan suna gaban waɗannan kotuna, kuma wanda kuka kai ƙara abin da zai fara yi shi ne neman rushe bara'arku da hujjar nan ta bayyana. Da'awar hanya tana da wahalar karewa, don ba ku ganin cikin masana'antar wani. Sashe na 34 na yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a kan mallakar fasaha ya ba alƙali ikon ɗora wa wanda ake ƙara nauyin nuna cewa hanyarsa daban ce, a wasu yanayi, amma ya fi sauƙi idan hanyar tana barin alama a jikin ƙwaya: fuska ɗaya shafaffiya inda leda ta taɓa, gefe mai ɗan karkata irin na uwar mazubi, ragowar gam ɗin girbi. Ku nemi waɗannan alamu, ku auna su, ku sa su cikin da'awar ƙwayar kanta tare da ta hanya. Littafin gwaji kuma a rubuta shi da kwanan wata, da lambar kowace uwar mazubi, da sau nawa aka yi amfani da kowane mazubi kafin ya fara riƙe ƙwaya.

Allah ya sa albarka a karatu da aiki, ya ba marasa lafiya sauƙi ta hannunku.

Wassalamu alaikum.

Daga 'yan'uwanku masu aikin ɗakunan gwaji da rubuta takardun bara'a, Riyad da Jidda.